Yadda ake gano sunan fumfunar da ke lalata lemo a kamfani ta hanyar gwajin DNA

Duk wanda ya taɓa aiki a lab ɗin kamfanin lemo ya san ranar nan da dila zai dawo da katan-katan, ka ɗaga kwalba a haske sai kaga wani abu kamar auduga yana lilo a ciki, oga kuma yana tsaye a kanka yana tambaya meye wannan kuma ta ina ya shigo. In kace masa fumfuna ce zai ce ai shima yana da ido, wacce iri ce? Kuma yana da gaskiya fa, domin fumfunar da ta biyo ƙurar sito daban, wadda ta zo cikin ruwan 'ya'yan itace ta tsallake dahuwa daban, wadda ta yi gida a bayan robar injin cika kwalba ita ma daban, in baka san wacce bace sai ku yi ta wanke inda ba nan ne matsalar ba kuna ƙona kuɗin sinadari.

Da can ido da madubin lab ake sa wa, a duba kala a duba siffar kan da ke ɗauke da iri, to amma Penicillium kaɗai ta haura iri 400 kuma yawancinsu kore-kore ne kamar an yi musu anko. Shi yasa yanzu ake karanta DNA ɗinta, wato rubutun gado da ke cikin ko wace halitta wanda da shi ake bambanta ta da wata. Zan bi aikin yadda muke yinsa, musamman don ƙannenmu da suka gama karatun ƙananan halittu aka jefa su lab ba wanda ya zaunar da su.

Mataki na farko ɗaukar samfur, kuma wallahi nan ne rabin aikin yake duk da shi aka fi rainawa. Kar ka tsaya kan kwalbar da ta lalace kawai. Ka zana taswirar layin a takarda tun daga inda ruwa ke shigowa, tankin narka sukari, tankin haɗi, injin dahuwa, injin cikawa, injin murfi, har sito, ko wane wuri ka bashi lamba. Ka samu sandar auduga mai tsabta ka jiƙa ta da ruwan gishirin lab ka goge wuri kamar santimita 10 sau 10, bakin bututun cikawa, ƙarƙashin bel, magudanar ruwa, rufin da ke ɗigar raɓa saman injin, mazurarin da murafu ke gangarowa. Ka sa injiniya ya kwance robobin mahaɗar bututu ka goge bayansu, zai yi ƙorafi, ka ƙyale shi ya yi. Ruwa kuma ka tace mililita 100 ta matatar nan mai ƙofa maikiromita 0.45 ka ɗora matatar kan faranti mai abincin da ake shuka fumfuna a kai. Iska ka buɗe faranti a gefen injin cikawa da sito ka bari na wani lokaci da ka tsayar, ko da yaushe lokacin ya zama ɗaya don ka iya kwatantawa. Kwalabe da murafun da ba a yi amfani da su ba ka ɗauraye su da ruwa mai tsabta ka tace ruwan. Kuma ka ɗauki samfur ana cikin aiki sannan ka sake ɗauka bayan wanki, na farko yana gaya maka waye a wurin na biyu yana gaya maka waye wanki baya kashewa. Ka rubuta kwanan wata da yanayi, abun da zaka samu lokacin hunturu da ƙura ta cika Sharada da Bompai ba shi zaka samu a watan Agusta da bango ke gumi ba.

Na biyu shuka. Abincin fumfuna da aka fi zubawa a faranti DRBC ne ga abu mai ruwa-ruwa irin lemo, DG18 kuma ga busassun kaya irin sukari da garin ɗanɗano, a ajiye a digiri 25 kwana 5 zuwa 7. Digiri 25 a Kano watan Afrilu sai da inkubeta mai sanyaya, in ka bar faranti kan benci a zafin 38 wasu ba za su fito ba sam kace wurin tsaf yake alhali ba haka bane.

Akwai wani reshe a nan da mutane ke tsallakewa. In lemon naku ana dafa shi kafin a cika ko a cika shi da zafinsa amma duk da haka auduga ta fito, ka zargi masu jure zafi. Waɗannan suna da wani irin iri mai sulke da dahuwar lemo bata kashe shi, hasali ma zafin ne ke tashinsa daga barci. Tun farkon shekarun 1930 aka gano Byssochlamys tana lalata 'ya'yan itacen gwangwani da na kwalba a Ingila, kuma har yau ita da 'yan uwanta Neosartorya da Talaromyces su ne ciwon kan masu jus. Su ba a farantin kullum ake kama su ba. Zaka ɗebi samfur mai yawa kamar giram 100 na ruwan 'ya'yan itacen ko narkakken sukari, ka sa a ruwan zafi digiri 80 na minti 30 don sauran su mutu, ka gauraya da abincin MEA ka zuba a manyan farantai, ka sa a leda kar su bushe, ka ajiye a digiri 30 kana dubawa duk sati har kwana 30. Eh wata guda. Oga zai ce ba zai iya jira ba, ka gaya masa fumfunar bata san shi ba.

Na uku tsarkakewa, wato ka raba ko wacce ita kaɗai a farantinta. Da allura mai tsabta zaka ɗan tsinko daga gefen da take sabon tohowa ka dasa a sabon farantin abincin MEA ko PDA, in ta fito ka duba da kyau, in da alamar wata ta maƙale ka sake dasawa. Ni kaina na taɓa yin gaggawa na tura samfur shida, kuɗi ya fita, sati biyu muna jira, da sakamako ya zo huɗu daga ciki haruffan sun hau kan juna kamar mutum biyu na magana a waya ɗaya, ashe yis ya laɓe ƙarƙashin fumfunar ban lura ba. Ranar ban iya kallon idon shugaban sashenmu ba. Ka ɗauki hoton ko wane faranti sama da ƙasa, ka bashi lambar da zata bishi har ƙarshe, kuma don Allah kar ka buɗe faranti ka shinshina, ka yi aikin cikin akwatin iska da takunkumi, wasu Aspergillus ɗin huhu suke kamawa. In farantai sun kai hamsin ba sai ka tura duka ba, ka haɗa masu kama ɗaya rukuni-rukuni ka ɗauki biyu ko uku daga ko wane rukuni, amma wadda ta fito daga cikin kwalbar da ta lalace dole ta shiga.

Na huɗu fitar da DNA. Ka yi amfani da 'yar sabuwa ta kwana 3 zuwa 5, farin gashin nan na gefe kafin ta yi ƙura ta yi baƙi, domin baƙin launin yana hana PCR tashi, wato aikin kwafin DNA da zan zo kansa a mataki na biyar. Ɗan kaɗan ya isa, kamar ƙwayar dawa biyu. Wahalar fumfuna bangonta ne mai tauri, sai an fasa shi da ƙarfi, ko da 'yan duwatsun gilas a girgiza sosai ko a niƙa da ɗan taɓaryar roba cikin bututun. In kamfani na da hali a sayi kit irin na Zymo ko Qiagen a bi takardar ciki shikenan. In babu, tsohuwar hanyar CTAB tana nan kuma tana aiki: ka zuba ruwan CTAB mai kashi 2 cikin ɗari kamar maikirolita 600, ka sa a digiri 65 minti 30 zuwa awa ɗaya, ka ƙara kulorofom da aka haɗa da isoamil 24 da 1 daidai yawan ruwan, ka jujjuya ka sa a injin wulwulawa minti 10, ruwan zai rabu hawa-hawa ka zuƙo na sama a hankali kar bakin fifet ya taɓa farin dattin tsakiya, ka zuba isofurofanol mai sanyi, ka sake wulwulawa, zaka ga ɗan farin abu a gindin bututun wani lokacin ma ba zaka gan shi ba amma yana nan, ka wanke da etanol mai kashi 70, ka bari ya sha iska, ka narkar da shi a maikirolita 50 na ruwan lab. Kulorofom a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi ake buɗe shi. In kuna da na'urar awo ka duba, rabon hasken da DNA ɗin ke sha a 260 da 280, wanda ke nuna tsabtarsa, ya zo kusa da 1.8.

Na biyar PCR, wato a ɗauki wani ɗan yanki na DNA a yi ta kwafinsa har ya yi yawan da za a iya karantawa. Tambayar ita ce wane yanki, kuma a nan nake so ka nutsu.

Kowa da yankin da ake kira ITS yake farawa, tun 2012 aka amince da shi a matsayin lambar shaidar duk dangin fumfuna, ana kama shi da firaima biyu, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna farko da ƙarshen yankin da za a kwafa, ITS1 da ITS4 da aka wallafa tun 1990. Haɗin maikirolita 25 ne, 12.5 na haɗaɗɗen ruwan PCR, ɗai-ɗai na ko wace firaima, 1 ko 2 na DNA, sauran ruwa. Injin ka saita shi digiri 95 minti 5, sannan zagaye 35 na 94 sakan 30, 55 sakan 30, 72 minti ɗaya, a rufe da 72 minti 7. Ko da yaushe ka sa bututu biyu na ƙari, ɗaya ruwa zalla ba DNA, ɗaya kuma fumfunar da ka riga ka san sunanta. Kuma kafin ka danna ka tabbatar injin na kan inbata ko UPS, in aka ɗauke wuta a zagaye na 18 kafin a tada janareta aikin ya tashi a banza, mun sha wannan.

To amma ITS zai kai ka unguwa ne ba lallai ya kai ka ƙofar gida ba, kuma abun haushi dangin da suka fi damun lemo su ne ITS ya fi kasa rabawa. Penicillium chrysogenum da Penicillium rubens ITS ɗinsu ɗaya, har sai 2011 aka tabbatar wadda Alexander Fleming ya samo fenisilin daga gare ta rubens ce, shekara da shekaru ana kiranta da wani sunan. Baƙaƙen Aspergillus ma haka, niger da tubingensis ba zaka raba su da ITS da ƙarfin gwiwa ba, alhali niger ce aka sani wasunta na fitar da gubar okratoksin. Don haka idan ITS ya nuna maka dangi sai ka sake PCR na biyu da yankin da ya dace da dangin. Penicillium da Talaromyces da Paecilomyces ka yi bita-tubulin da firaima Bt2a da Bt2b. Aspergillus ka yi kalmodulin da CMD5 da CMD6. Fusarium ka yi TEF1 da EF1 da EF2. In yis ne ya fito ka yi D1/D2 da NL1 da NL4. Ni yanzu in na ga faranti kore mai ƙura na san Penicillium ce bana ma jira, ITS da bita-tubulin nake haɗawa rana ɗaya in tura tare, ya fi a yi jira sau biyu.

Na shida jel, wato wani abu mai kauri da wuta ke jan DNA ta cikinsa don a ga ko PCR ya tashi. Agaros kashi 1.5, ka zuba maikirolita 5 na ko wane bututu, tsani mai hawa 100, wato ma'aunin tsawon DNA, a ramin farko, wuta kamar bolt 100 minti 30 zuwa 40, ka duba a fitilar. ITS na yawancin waɗannan zai tsaya tsakanin harafi 500 da 650 a kan tsanin, layi ɗaya tak mai haske. Layi biyu alamar gauraye ne ka koma mataki na uku. Ba layi sam alhali na wadda ka sani ya fito, ka tsarma DNA ɗin sau goma da ruwa ka sake, sau da yawa datti ne ya yi yawa ba DNA ne ya yi kaɗan ba. In kuwa layi ya fito a bututun ruwa zalla toh ka zubar da komai, wani abu a kayan aikinka ya gurɓata kuma duk sakamakon ranar ba abun yarda bane, kar ka ce ai layin dishi-dishi ne.

Na bakwai karanta haruffa. Kusan ba kamfanin lemon da ke da injin wannan, turawa ake yi. Mu nan yawanci Ibadan ake kaiwa wajen irin su Inqaba Biotec, wasu kuma su tura waje wajen Macrogen, in ma ba ku da injin PCR ɗin ana iya shiryawa da lab ɗin jami'a su yi muku tun daga fitar da DNA. Ka nemi a karanta ta gaba da ta baya, kuma ka dage a turo maka ainihin fayil mai ƙarshen ab1 ba suna kawai a takarda ba. Wannan maganar ta suna kawai ita ce ke kashe mu, a turo maka takarda mai tambari an rubuta kaza kaza kashi 99 ka sa a fayil, baka san da me aka kwatanta ba.

Ka buɗe fayil ɗin da Chromas ko FinchTV ko BioEdit, zaka ga tsaunuka masu kala huɗu ko wanne harafi ɗaya, A, C, G, T. Na farko-farko kamar 30 zuwa 40 da na ƙarshe inda tsaunukan suka kwanta ka yanke su, ka haɗa na gaba da na baya su zama jere ɗaya, inda suka saɓa ka koma ka kalli tsaunin da idonka.

Na takwas BLAST a shafin intanet na NCBI, wato manhajar da ke kwatanta jerenka da waɗanda ke ajiye a rumbun jeren DNA mai suna GenBank. Ka manna jeren, amma kafin ka danna ka nemi ɗan akwatin nan da ke taƙaita bincike ga samfuran asali, wato waɗanda a kansu aka raɗa wa ko wace fumfuna suna. GenBank kasuwa ce kowa na kawo kayansa, akwai jere da yawa da aka saka da sunan kuskure, ɗalibi ya kwafi sunan da ya fito a sama ya saka nasa, wani ya zo ya kwafi nasa, haka kuskuren ke haihuwa. Na ITS waɗanda lambarsu ta fara da NR an tantance su, akwai kuma rumbun UNITE, da kuma MycoBank na cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan. Ka duba abu biyu, nawa ne daga jerenka aka kwatanta da kuma kashi nawa suka yi daidai, sannan kar ka tsaya a layin farko, ka gangara ka ga na biyu da na biyar. In iri huɗu duk sun baka kashi 100 a ITS to baka samu suna ba tukuna, dangi ka samu, ka rubuta Penicillium sp., wato an san dangi ba a san iri ba, ka jira na bita-tubulin, ba abun kunya bane. In abun ya rikice ka sauke jeren samfuran asali na makusanta ka zana bishiyar dangantaka da manhajar MEGA kaga reshen da taka ta zauna.

Wani abu da zai iya ruɗa ka shi ne sunaye sun canza. Da fumfuna ɗaya na iya ɗaukar suna biyu, aka soke wannan a taron Melbon na 2011, shi yasa Neosartorya fischeri ta tsofaffin littattafai yanzu Aspergillus fischeri ce, Byssochlamys nivea kuma zaka ganta Paecilomyces niveus. A rahoto ka rubuta sabon ka ambaci tsohon don manyan da suka yi karatu da tsohon su gane.

Na tara, ka koma kan taswirar nan ka rubuta ko wane suna a inda aka samo shi, nan ne sunan zai fara magana. Geotrichum candidum ita ake wa laƙabi da fumfunar inji, in ka ganta wanki ne baya kaiwa. Fusarium oxysporum da baƙaƙen nan irin Exophiala ka bi ruwa da magudana da wuraren da basa bushewa, kuma Fusarium ɗin tana iya girma ko iska ta yi ƙaranci a kwalba. Cladosporium da yawancin Penicillium iska ce da ƙura da kwali. Masu sulke asalinsu ƙasa, ka bi 'ya'yan itace da kwansantiret, wato ruwansu mai kauri da ake tsarmawa, da sukari, ka koma kan mai kawo muku kaya. In Paecilomyces niveus ce ko Penicillium expansum a jus ɗin tuffa magana ta wuce lalacewa ta koma guba, suna fitar da fatulin kuma iyakar da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa maikirogiram 50 ne a kilo, a riƙe kayan a tura gwajin gubar daban domin DNA suna yake bayarwa baya auna guba. Masu wanke robar lemo da sinadarin ferasetik kuma su sa ido kan Chaetomium, an santa da jure shi.

A namu kamfanin wani karo da kwalaben ke warin kananzir har ana zargin direba ya haɗa lodi da jarka, Paecilomyces variotii ce ta fito, faranti ruwan ƙasa-ƙasa mai gari kamar an barbaɗa kuka da ta tsufa. Ita wannan cinye sobet take yi, sinadarin da aka zuba don ya hana ta, ta mayar da shi wani abu mai warin kananzir. Ta fito a kwalba, ta fito a kwalayen sito, ta fito a bayan wata roba ƙarƙashin injin cikawa wadda da injiniya ya zaro ta ta riga ta tsage, cikin tsagar cike da wani danƙo mai ɗaukar yatsa, shekara nawa ruwan wanki na wucewa ta gabanta baya shiga.

Sai dai ka yi hattara da abun da zaka rubuta, suna ɗaya a wuri biyu baya nufin daga nan ta tafi can, kamar ka samu Musa a Fagge ka samu Musa a Gwale ne. In ana so a ɗora wa mai kawo kaya laifi har da maganar kuɗi sai an yi gwajin zanen yatsa irin RAPD ko firaima M13, ko a karanta DNA ɗin gaba ɗaya. Haka masu tallar qPCR, wani irin PCR mai nuna sakamako yana cikin aiki, da ke cewa a goge inji a samu amsa cikin awanni, gaskiya ne yana da sauri in ka riga ka san wadda kake nema, amma yana kama DNA ɗin matacciya ma, ka yi wanki mai kyau ya ce maka har yanzu tana nan, sai an sa sinadarin PMA kafin a rage wannan ruɗun.

Bayan an canza roba an yi wanki ka sake goge wuraren nan dai masu lamba, sati na farko da na biyu da bayan wata. Ko wace fumfuna da ka sha wahala ka samo sunanta ka yanko 'yan gutsattsari ka sa a ƙaramar kwalbar ruwa mai tsabta ka rufe, ko cikin gilisarin a firiza in wutarku na tsayawa, ka manna lambarta, jeren haruffan da hoton farantin kuma ka ajiye su a kwamfutar lab da wani wuri na biyu, domin in auduga ta sake fitowa damina mai zuwa da su zaka fara kwatantawa.